Daga Rigar Dogari zuwa Bajon Giwa

Kafin Turawa su zo, mutumin Zangon Daura ba ya buƙatar bajo kafin ya gane hukuma. Babbar riga ja da kore, jan rawani, bulala a hannu, da an hango shi daga bakin kasuwa an san dogari ne, kuma bakin sarki yake ɗauke da shi. Zango ta san wannan riga sosai, don nan ne wani reshe na tsohon gidan sarautar Daura ya zauna bayan jihadi, har Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. Ɗansa Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, a gabansa aka yi kusan dukkan sauyin da ya biyo baya.

Turawa ba su rushe dogarai ba, domin mulkinsu ta hannun sarakuna yake tafiya. Amma dogari ba ya fareti, ba ya da lambar da za a rubuta a littafi idan ya yi laifi. Shi ya sa a shekarun 1920 aka soma kafa 'yan gadi a Kano, waɗanda suka zama 'yan doka, sauran masarautu suka bi sahu. Aka sa musu kayan sarki irin na soja, da bel da hula da lamba, albashinsu kuma daga baitulmalin En'e. Shugabancinsu sau da yawa 'ya'yan sarki ake ba wa: Usman Nagogo ya riƙe su a Katsina, Ado Bayero kuma ya yi Wakilin Doka a Kano kafin ya hau gado a 1963. Ɗinkin kayan na Bature ne, biyayyar kuwa ta fada ce, kuma 'yan NEPU da suka sha kulki a shekarun 1950 sun fi kowa sanin haka.

A gefe guda akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe rundunarsu ta Arewa da ta Kudu a 1930. Bajonsu giwa ce da kambin sarautar Ingila a sama. Bayan mulkin kai gaggafa ta maye gurbin kambin, ƙarƙashinta sanduna biyu a gicciye, giwar na tsaye kan koriyar ƙasa. Tutarsu shuɗi, rawaya da kore.

Juyin mulkin 1966 ne ya yi ajalin 'yan doka. Kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a haɗe su da rundunar tarayya, aka fara aikin daga 1968. Waɗanda suka cancanta suka sauya kaki, sauran aka sallame su. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya rufe ƙofa, ya ce runduna ɗaya ce a ƙasa.

Yau a hanyar Zango zuwa iyakar Nijar kaki iri-iri ne, na kwastan, na shige-da-fice, na 'yan sanda, kusan duk Abuja suke amsa wa. Sai a Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina da nata kayan. Ba 'yan sandan jiha ba ne a doka, amma tsofaffin da suka ga zamanin 'yan doka ba ɗinkin suke dubawa ba, tambayarsu ita ce wa zai riƙa ba su umarni ranar zaɓe.