Akwatin Talabijin a Ƙasar Damargu: Masu Shi da Masu Kallonsa

Cikin tambayoyin da ma'aikatan ƙidaya kan yi wa magidanta a ƙasar Nijar akwai ta kayan jin labari, watau ko gidan yana da rediyo, ko talabijin, ko wayar salula. Amsar ba ta wuce i ko a'a, kuma da ita ake haɗa alƙaluman da hukumomi ke aiki da su. Wannan maƙala za ta bi tarihin shigar talabijin ƙasar Damargu, watau gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram, don a nuna cewa a wannan yanki mallakar akwatin daban take, kallonsa daban. Abin da ya raba mai shi da marar shi kuwa, a kowane zamani, wutar da za ta kunna shi ce fiye da kuɗin sayensa.

Ƙasar da mutanenta

Damargu tana arewa da birnin Damagaram a kan hanyar Agadas, garin Tanut kuma yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin. Tun zamanin ayari an san ta da gero. Ita ce rumbun da Abzin ke ci, kuma fataken da ke kai da komo tsakanin Kano da Tarabulus sukan yada zango a Jajiduna. Mazaunanta Hausawa ne da Dagarawa masu wani kari na Barbarci, da Buzaye da Fulani. Kudanci na manoma ne, arewaci wajen Tanhiya na makiyaya. A 2011 aka yanke Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 400,000 a gundumar Tanut, da kusan 100,000 a ta Belbeji, alhali garin Tanut kansa bai wuce kimanin mutum 20,000 ba. Ke nan kusan dukan jama'ar mutanen karkara ne.

Wannan yana da muhimmanci in an dubi binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012. Binciken ya nuna kimanin gida 14 cikin 100 ne ke da lantarki a faɗin ƙasar: a birane fiye da 60 cikin 100, a karkara kuwa wajen 5 kacal. Talabijin ya bi sawun wutar sau da ƙafa. Kimanin gida ɗaya cikin goma ne ke da shi, akasarinsu a birni, alhali rediyo na wajen rabin gidajen ƙasar. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ɗauka manomin Gangara ko na Tarka bai san talabijin ba. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

Akwatin gwamnati

Talabijin ya shigo Nijar ne ta ƙofar makaranta. A 1964, zamanin Shugaba Jori Hamani, aka fara shirin koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa. Ana shirya darussa da Faransanci a Yamai, a watsa su zuwa azuzuwan da aka ba wasu masu kula, waɗanda ba su yi dogon karatun malanta ba. A shekarunsa na farko shirin bai wuce azuzuwa ashirin da 'yan kai na kewayen Yamai ba, Damagaram kuwa na da nisan wajen kilomita 900 daga can. Amma ya bar gado guda wanda daga baya ya shafi kowane lungu. Da yake ƙauyukan ba su da lantarki, tun ƙarshen shekarun 1960 aka soma gwada kunna akwatunan da hasken rana, abin da ya sa Nijar cikin ƙasashen farko na duniya da suka yi haka. Ƙasar tana da ofishin binciken makamashin rana tun 1965, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta.

Gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, ya soma aiki sosai a 1979, zamanin Saini Kunce, lokacin da kuɗin yuraniyam ke shigowa baitulmali. Da farko kwana huɗu yake yi a mako, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 ya koma kullum. Gwamnatin soja ta san talaka ba zai sayi akwati ba, kuma tana son talaka ya gan ta. Saboda haka ta ɗauki dabarar da ƙungiyoyin sauraron rediyo suka saba da ita tun 1962, watau a tara jama'a wuri ɗaya. Aka rarraba ɗaruruwan akwatuna a garuruwa da ƙauyuka na ƙasar, kowane da faifan tara hasken rana da batirinsa, aka damƙa su a hannun samariya, ƙungiyar da Kunce ya farfaɗo da ita don ta zama hannun hukuma a cikin talakawa.

Irin wannan akwati ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Ana ajiye shi a dandali ko ƙofar fada, a buɗe shi bayan magariba. Amma ko a gabansa akwai tsarin zama. Dattawa da masu sarauta suna kan tabarma ko kujera, yara a gaba a ƙasa, samari a tsaye, 'yan mata masu talla a gefe. Matar aure ta gidan malamai ko attajirai ba ta zuwa, sai dai yara su kawo mata labari. Makiyayi kuma sai ranar kasuwa, in dare ya riske shi a gari. Akasarin shirye-shiryen da Faransanci ne, wanda kaɗan ne ke ji, don haka abin da jama'a ke jira shi ne labarai da harsunan ƙasa, da kokawar gargajiya, da wasannin kwaikwayo na Hausa irin na su Yazi Dogo, waɗanda Damagaram ta yi fice a kansu.

A gidajen mutane kuwa, masu akwati a wancan zamani ana iya ƙirga su: mai mulkin gunduma, shugaban jandarma, likita, wasu malaman makaranta, da manyan 'yan kasuwa. Yawancin ma'aikatan nan baƙi ne da aka turo aiki, ranar da aka ɗauke su akwatin ya bi su. Wanda ke nesa da tashar watsawa sai ya kafa doguwar sanda ya ɗaura eriya, domin igiyar talabijin ba ta lanƙwasa ta bi doron ƙasa kamar ta rediyo mai matsakaicin zango. Akwai kuma wata matsala da ta sha kan 'yan kasuwa da yawa. Nijar ta bi tsarin Faransa na SECAM, Nijeriya kuwa na PAL take bi. Mutum ya sayo akwati mai launi da arha a Kano, ya zo gida ya tarar hoton Yamai baƙi da fari ne, muryar ma sai mai gyara ya taɓa cikinsa take fita.

Akwatin dandali bai yi tsawon rai ba. Batir yana da wa'adi na 'yan shekaru, ƙurar hunturu tana rufe faifan rana, mai gyara kuma daga nesa yake zuwa. Da farashin yuraniyam ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga kuma farin 1984 wanda ya tashi ƙauyuka da yawa na Damargu, sai kula da akwatuna ya zama abu na baya a lissafin hukuma. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya kanta ta watse. Abin da aka ce na kowa ne, da ya lalace, ba a sami wanda zai ce nasa ba ne.

Akwatin ɗan kasuwa

Gurbin da gwamnati ta bari ɗan kasuwa ne ya cike shi, kuma daga kudu kayansa suka zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kafin shekara goma kuwa finafinan Hausa sun cika kasuwannin Damagaram da Maraɗi. Bidiyo ba ya bukatar tashar watsawa ko eriya. Akwati da na'urar kaset da ƙaramin injin wuta sun isa. Mai ɗan jari sai ya kewaye fili da zana, ya jera benci, ya riƙa karɓar dala biyar ko goma a ƙofa. A garuruwan kasuwa irin su Bakin Birji wannan sana'a ta fi ci, domin ranar kasuwa tana tara masu kallo daga ƙauyuka da ruga.

Rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya tsananta tsadar kayan Turai, ya ƙara karkata mutane ga kayan hannu na kasuwannin Nijeriya, daga baya kuma ga na Sin. Faifan CD ya kori kaset, ya fi shi arha da sauƙin kwafa. Sa'an nan kwandon kama tauraron ɗan'adam ya zo, ya kawo ƙwallon Turai da tashoshin Larabawa da wa'azi. A nan 'yan ci-rani suka taka rawa babba. Samarin Damargu sun daɗe suna tafiya Libiya da Aljeriya da Nijeriya bayan kaka, kuma akwati ko rediyo mai kaset na cikin tsarabar da ke shaida cewa tafiya ta yi kyau. Sau da yawa akan kawo akwatin ƙauyen da ba wuta, a lulluɓe shi da zane a ɗora bisa tebur, ya yi watanni yana jiran batirin mota. Mai ƙidaya zai rubuta cewa gidan yana da talabijin, maƙwabcin da ke zuwa gidan kallo kowane dare kuwa a rubuta ba shi da shi.

Gidan kallo ya sake raba jama'a ta wata fuska. Akwatin dandali kyauta ne, dattijo ma yakan zauna. Gidan kallo na kuɗi ne, na samari da yara maza, kuma malamai da iyaye sun sha sukarsa a kan ɓata tarbiyya da hana karatun dare. Mutumin kirki mai iyali ba ya son a gan shi a can. Wannan suka ita ce ta tura masu hali su sayi nasu, don iyali su yi kallo a cikin gida, ido na ganinsu.

Da akwatin ya shiga gida, ɗakin mace ya shiga. A garuruwa ya zama cikin kayan ɗakin amarya, tare da gado da kabad da jeren kwanoni, wani lokaci iyayenta ne ma suka saya. A gidan mata biyu ko uku, wanda ya saya wa ɗaya ya bar sauran ya sayi rigima. Ga matar da ba ta fita, ɗakin maƙwabciya mai akwati ya zama mahaɗa, kuma mata su ne ginshiƙin kasuwar finafinan Hausa. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014 tana watsa shirye-shiryen Hausa zalla ta tauraron ɗan'adam, ta sami masu kallo a gefen Nijar ba tare da ta nemi izinin iyaka ba. Takardar ƙidaya tana ɗora akwatin a kan sunan maigida, alhali sau da yawa shi ne ya fi kowa ƙarancin zama gabansa.

Kalmomin da mutane ke amfani da su suna ɗauke da wannan tarihi. Abin da ya zo ta hannun hukuma da sunan Faransanci ya zo: a Damargu an fi cewa tele maimakon talabijin, kuran maimakon lantarki, gurup maimakon janareta, parabol ga kwandon tauraro. Abin da ya biyo hanyar Kano kuwa, irin su bidiyo da fim, da sunansa na can ya zauna. Kalmar kallo ita ce ta gida, kuma ta girmi dukansu. Da ita ake kiran zuwa dambe da kokawa tun kafin a san akwati.

Rana ta dawo

Tsohon akwati mai ƙoƙon baya yana cin wat 60 zuwa 100, abin da ya fi ƙarfin batir ɗaya na dare guda. Sabon mai shafaffen gilashi, ƙarami, wat 20 zuwa 30 ya ishe shi, kuma akwai mai aiki da volt 12 kai tsaye. A tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan rana ya faɗi warwas a duniya, har ya zama kayan tebur a kasuwar ƙauye. Dabarar da gwamnati ta gwada a shekarun 1960 da kuɗin ƙasa, sai ga manomin da ya sami amfanin gona mai kyau, ko wanda ɗansa ke aiko da kuɗi, yana yin ta shi kaɗai. Abin lura ne cewa matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, a cikin gundumar Tanut take, a ƙaramar hukumar Olelewa, amma ƙauyukan yankin da rana suka fi dogara wajen kunna kayansu.

Makiyayi shi ne wanda akwati bai taɓa dacewa da rayuwarsa ba, domin ba a ɗora shi a kan jaki ana bin ciyawa. Shi rediyo ya riƙe, har wayar salula ta iso. Kamfanonin salula sun fara aiki a Nijar a farkon shekarun 2000, kuma kafin 2012 wajen rabin gidajen ƙasar suna da waya. Ba sai da intanet ba: ranar kasuwa mutum ya kai wayarsa wurin mai caji, a cika masa katin ajiya da finafinai da waƙoƙi da wa'azi, ya koma daji da kallon mako guda a aljihu. Matan karkara da yara ma ta wannan hanya suka fi samun rabonsu, ko da wayar ta miji ce ko ta wa. Wannan ya rage wa gidajen kallo ciniki, in ban da ranar ƙwallo, wadda ba a son kallonta sai cikin taro.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. Birnin Damagaram, wanda ke shan wutar ta layin Katsina tun shekarun 1990, ya sha ɗaukewar kuran, ma'aikata da 'yan kasuwa masu manyan akwatuna suka riƙa zaman duhu. A daidai waɗannan watanni, mai faifan rana ɗaya da batir a ƙauyen Damargu yana kunna nasa bayan isha'i, maƙwabta na shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa don jin abin da ake ciki a Yamai.