Ƙurar Bodele da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Kaso mai yawa na hazon da ke lulluɓe Kano da Damagaram a lokacin hunturu daga arewacin Chadi yake tasowa, daga wani kwari mai suna Bodele. Kimanin shekaru 7,000 da suka shige, wurin nan gindin wani babban tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar laka wadda ɓawon ƙananan halittun ruwa ya tara. Iskar da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ce ke kwasar ta zuwa kudu maso yamma.

Yadda masana suka iya tantance ma'adinan irin wannan ƙasa daga nesa yana da dogon tarihi. A shekarar 1800, a Ingila, William Herschel ya rarraba hasken rana launi-launi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya hau. Wannan ɓoyayyen haske shi ne infirared. Daga 1905, William Coblentz na Amurka ya wallafa awon da ya nuna cewa kowane sinadari yana da sassan wannan haske da yake shanyewa, tamkar zanen yatsa. A 1970, Graham Hunt da John Salisbury suka fara fitar da irin wannan awo na ma'adinai da duwatsu. Alal misali, yumɓun kawulin yana shan haske a wajen maikiron 2.2, kalsayit kuwa a wajen 2.3.

A watan Yulin 2022, hukumar NASA ta aika na'urar EMIT zuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, domin zana taswirar ma'adinai 10 a busassun yankunan da ƙura ke tashi, ciki har da Sahara. Dalili shi ne, ƙura ba iri ɗaya ba ce: ja mai ɗauke da tsatsar baƙin ƙarfe tana riƙe zafin rana ta ɗumama iska, fara kuwa tana mayar da shi sama. Muddin ba a san wadda ta rinjaya ba, hasashen ɗumamar yanayi zai zo da giɓi, kuma manomin Sahel da ke jiran damina na cikin waɗanda abin zai shafa.