Yawan Shafa Mai: Yadda Yake Cutar Da Fata, Da Yadda Ake Auna Shi Daga Keffi Zuwa Kurmi

Yawan shafa mai shi ne mutum ya riƙa lafta wa fatarsa maiƙo fiye da abin da take buƙata a garin da yake zaune da kuma lokacin da ake ciki. Shi kansa ba cuta ba ne, amma yana buɗe ƙofa ga abubuwa uku da mutanenmu na Kudu suka sani sarai: ƙurajen zufa, ƙurajen fuska da kyasbi. Yawanci kuma sabo ne aka taho da shi daga gida, aka manta cewa iskar gida daban, ta Kurmi daban.

Mu a Keffi muna tsakiya ne, don haka mun ɗanɗana duka biyun. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yaro ya fito wanka ya yi furu-furu kamar an bi shi da toka. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuwa damina ce, ka yi wanka ka fito kana gumi. Babana fataucin shanu yake yi, kuma na sha ganin abin a jikin yaran da ke raka tirela zuwa Agege ko Lokpanta. Za su tashi a watan Janairu fuska sharkaf da basilin, kuma suna da gaskiya, don iskar saman tirela ba ta da imani. Matsalar ita ce sun sauka Legas sun ci gaba da shafa shi haka nan safe da yamma. Kafin a gama sayar da shanu wuya da baya sun cika da ƙuraje, sai ka ji ana cewa "ruwan garin ne bai karɓe ni ba". Alhali ruwan Legas bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da fata ke yi da kanta

Saman fata wani siririn bango ne na matattun ƙwayoyi da maiƙo ya haɗe su, kamar tubali da laka. Aikinsa ya hana ruwan jiki tserewa, ya hana datti shiga. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan jakunkuna masu fitar da mai ta ramin gashi, da wasu masu fitar da zufa. Jakunkunan man nan ba a raba su daidai ba: sun fi yawa a fuska, kai, ƙirji da gadon baya, sun yi ƙaranci a ƙwauri, tafin hannu da tafin ƙafa kuwa babu su kwata-kwata. Shi ya sa mutum ɗaya goshinsa ke ƙyalli da rana alhali dugadugansa na kaushi. Wanda ya ɗebo mai ɗaya ya bi jiki da shi daga goshi har ƙafa, ya ba mai ƙoshi ya rage wa mayunwaci.

Iska ita ce sauran lissafin. A hunturun Arewa danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai iskar ta riƙa zuƙe ruwan fata. A Legas da Fatakwal yakan wuce kashi 80, ba abin da take zuƙa, zufar ma da ƙyar take bushewa.

Mayukan da muke shafawa

Akwai masu rufe fata ruf su hana ruwa fita, sarkinsu basilin. Wani Ba'amurke Robert Chesebrough ne ya samo shi a rijiyoyin man fetur na Pennsylvania, ya yi masa rajista a 1872. Yana tare kusan duk ruwan da ke fita ta fata, shi ya sa babu kamarsa ga faso da tsagewar leɓe, shi ya sa kuma yake zama kamar an sa wa mutum leda idan ya shafe bayansa da shi a Anacha cikin watan Maris. Akwai masu laushi irin man kaɗe, man kwakwa, man zaitun da man shanu. Sannan akwai masu jawo ruwa su riƙe shi a fata, kamar gilisarin, wanda ke cikin yawancin loshan mai ruwa-ruwa. Mazaunin Kudu wannan na ukun ne abokinsa a yawancin shekara.

Kada a ce ai na gargajiya ne ba ya cutarwa. Man kwakwa yana toshe ramin gashi a fuskar mai ƙuraje. Man zaitun ma, duk da darajarsa a wurinmu, wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna shafa shi kullum na sati 4 ya raunana bangon fatar waɗanda aka gwada a kansu, man furen rana kuwa bai yi haka ba. A ci shi a abinci, amma a yi hattara da lafta shi, musamman a jikin jariri.

Alamomin cewa mai ya yi yawa

Na farko ƙurajen zufa, ƙanana masu ƙaiƙayi da tsikari a wuya, baya, hammata da ƙarƙashin nono. Hanyar zufa ce ta toshe, zufar ta maƙale a ciki. Jarirai sun fi kowa shan wahalarsa, don hanyoyin zufarsu ba su yi ƙwari ba. Uwa ta haihu a Sabo ta Badun, kaka ta zo daga gida da tsarin jegon Arewa: a yi wanka, a mulke da mai, a barbaɗa hoda, a naɗe da zani biyu da hular ulu. Yaron ya kwana yana kuka a ce ciwon ciki ne. A rage masa kaya da mai tukuna, a ga yadda zai kwana.

Na biyu ƙurajen goshi da gefen fuska, daidai inda man kitso ko man gashi ke gangarowa idan an yi gumi. Likitocin fata a Amurka sun bayyana wannan tun 1970, a jikin baƙaƙen fata masu yawan shafa man gashi. Ɗankwali da hula da ba a wankewa su ma suna ɗauke da man su mayar da shi goshi.

Na uku kyasbi, kuma shi ya fi ruɗa mutane. Wani naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, abincinsa maiƙo, yana son zafi da gumi. Idan ya samu wuri sai ya yi dabbare-dabbare a ƙirji, baya da wuya, wani wurin ya yi haske wani ya yi duhu, da ɗan gari-gari idan an karce. Mai shi ya ga gari-garin ya ɗauka bushewa ce, sai ya ƙara man kaɗe ko man zaitun. To ka ga an ƙara wa ɓarawo tuwo. Maganinsa irin su ketoconazole da clotrimazole ne, kuma ko bayan ya mutu tabon yakan ɗauki watanni kafin launi ya daidaita.

Yadda ake aunawa

Mai yana kama ruwan da ya tarar ne, don haka lokacinsa shi ne da zarar an fito wanka, jiki da sauran laima. A lokacin kaɗan ya isa. Idan bayan minti 10 ka taɓa hannunka ka ji yana danƙo, ko allon wayarka ya yi maiƙo bayan ka amsa kira, ya yi yawa.

A Kudu, fuska loshan marar nauyi gwargwadon ƙwayar wake, mai maiƙon fuska ma yana iya tsallake safiya. Ƙirji da baya a bar su haka nan sai in sun nuna bushewa. Basilin da man kaɗe a ajiye su ga ƙwauri, gwiwa, dugadugai da bayan hannu, wuraren da alwala sau biyar da wanki ke busarwa. Tsakanin yatsun ƙafa kada a sa komai, a tsane shi da kyau, musamman mai ciwon suga. Idan hunturu ya leƙo Kudu na 'yan makonni a Disamba da Janairu, ko an tafi gida Sallah ko biki cikin sanyi, sai a ƙara. An dawo, a rage.

A duba sabulu kuma. Da yawa daga masu lafta mai sabulun ne ya fara kwashe musu man jiki: sabulun soda, sabulun wanki, har akwai masu wanka da omo bayan aikin kwata, ga soson buhu ana dirza kamar ana wanke tukunya. Fata ta yi tauri, sai a rama da mai. A sauya sabulu mai sauƙi, buƙatar man za ta ragu da kanta. Kuma a yi haƙuri, don saman fata yana ɗaukar kusan sati 4 kafin ya sabunta. Wanda ke canza mai duk sati ba zai taɓa gane wanne ya yi masa ba.

Abin da ya fi duk wannan haɗari shi ne haɗin da ake sayarwa a roba marar suna, da mayukan kemis masu "aiki uku" da ake zubawa cikin loshan. Yawancinsu akwai sinadarin steroid a ciki. Kwanakin farko ƙaiƙayi ya tsaya, fata ta yi haske, daga baya ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana, kyasbi da makero su bazu. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Duk man da babu lambar NAFDAC da jerin abin da ke cikinsa, a bar wa mai shi.

Idan an rage mai an sauya sabulu har wata guda babu sauƙi, ko ƙurajen sun fara ruwa, ko akwai zazzaɓi, ko duk gidan ne ke susa da dare, wannan ya wuce batun mai, yana iya zama ƙazuwa ko wata cutar. A je asibiti. Mu nan akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, na Legas akwai LUTH a Idi-Araba, na Badun akwai UCH. A tafi da robobin duk abin da ake shafawa, har wanda aka haɗa a gida, likita ya gani da idonsa.