Masassaƙa a Ɗakin Buga Zane

Mu da ke aikin buga zane mun daɗe da sanin cewa ba a zuba haske a takarda, barinsa ake yi. Farin takardar shi ne fitilar, tawada kuwa labule. Amma sai da masassaƙa suka shigo ɗakunanmu aka ɗauki wannan magana da gaske.

Ƙofar ta buɗe ne a Amurka, lokacin da ɗakunan bugu irin su Crown Point Press, da aka kafa a 1962, da Gemini G.E.L., da aka kafa a 1966, suka soma gayyato masu fasahar da ba bugu ne sana'arsu ba. Donald Judd bai ma jira gayyata ba. Tun 1961 mahaifinsa ke taya shi sassaƙa allunan katako, ana kuma buga su da ja mai ƙarfi, don jan na fito da gefen siffa sarai. Richard Serra, mutumin ƙarfe, baƙi ya riƙe, ya yi ta lafta shi har takarda ta yi nauyi a hannu.

A ganina, James Turrell ne ya kai abin ƙololuwa. Tsakanin 1989 da 1990 ya yi aiki da mabugi Peter Kneubühler a Zurich, suka fitar da jerin zane 20 mai suna First Light. Ga yadda ake yi: a barbaɗa garin ƙaro a kan farantin tagulla, a ɗumama shi ya manne, a tsoma cikin ruwan asid. Inda asid ya daɗe yana ci, nan tawada ke zama da yawa. Inda aka kare daga asid, fari ke fita. Da wannan kaɗai suka sa siffa fara tana shawagi a kusurwar ɗaki mai duhu, kai ka rantse kwan lantarki ne a bayanta. Wanda bai taɓa goge faranti ba ba zai san wahalar samun baƙi mai laushi haka, ba tabo ba zane, a kowane kwafi ba.

Anish Kapoor, wanda ya fara da lulluɓe sassaƙarsa da garin launi, ya zo da jerin Shadow a 2007, inda launi ke narkewa a hankali har ido ya ga rami a takarda shimfiɗaɗɗiya.

Abin da ke damuna shi ne, masassaƙin ake yabo, mabugin da ya tsaya kan asid a manta da shi. Duk wanda zai rubuta tarihin nan, ya haɗa sunayen biyu.