Gidan Tekelija: Sabiyawan da suka tsare iyakar Otirishi

Gidan Tekelija zuriya ce ta mayaƙa Sabiyawa da suka zauna garin Arad, bakin kogin Muresh, cikin ƙasar Rumaniya ta yanzu. Sunansu ya fito ne lokacin da masarautar Otirishi take gwabzawa da Daular Usmaniyya ta Turkawa, wato ta Istambul, ba ta Sakkwato ba.

A wancan zamani sarakunan Otirishi sun yanka wani dogon yanki a kan iyaka, suka zaunar da Sabiyawa da wasu ƙabilu. Sharaɗin a fili yake: a ba ka gona, ba ka ƙarƙashin wani mai ƙasa, amma in an buga tambarin yaƙi kai za ka fita da bindigarka.

Kakan gidan shi ne Jovan Tekelija. Ya yi fice a yaƙin Zenta, ran 11 ga Satumba 1697, inda rundunar Yarima Ujen na Sabuwa ta murƙushe sojan Turkawa suna cikin ƙetare kogin Tisa. Bayan nan aka ɗora shi kan dakarun iyaka na Arad, kuma a 1706 sarki Yusufu na Ɗaya ya ba shi sarauta. Shi ya gina cocin Sabiyawa na Bitrus da Bulus, wanda har yau yana nan tsaye a Arad.

To, amma iyaka ba ta zama wuri guda. A 1718 Otirishi ta ƙwace yankin Banat, iyakar ta matsa kudu, Arad ya koma cikin gida. Wajen 1751 sarauniya Mariya Tereza ta soke tsarin soja na bakin Muresh. Mayaƙan suka ga za su zama talakawan masu ƙasa ƴan Hongiri, sai da dama suka kwashe iyali suka nufi Rasha, inda aka ba su wani yanki da aka kira Sabuwar Sabiya, cikin Ukren ta yanzu.

Jikan Jovan, Petar Tekelija, wanda aka haifa a 1720, ya riga su tafiya tun 1748. Ya hau har muƙamin babban janar. A 1775 sarauniya Katarina ta Biyu ta tura shi ya rushe sansanin Kosak na Zaporojiya, su ma mayaƙan iyaka ne da bukatarsu ta ƙare. Ya kewaye su da runduna, suka miƙa wuya ba tare da an gwabza ba. Abin da aka yi ma danginsa a Arad, shi aka sa shi ya yi ma wasu kenan. Ya rasu a 1792.

Wanda ya zauna gida, Sava Tekelija (1761–1842), alƙalami ya riƙe. Shi ake lissafawa Basabe na farko da ya samu digirin dokta a fannin shari'a. A 1838 ya buɗe gidan Tekelijanum a birnin Pest, ɓangaren Budapest na yau, inda ɗalibai Sabiyawa marasa hali suke samun makwanci da abinci su yi karatu. Ya shugabanci ƙungiyar adabi ta Matica Srpska har mutuwarsa, kuma dukiyarsa ga wannan aiki ya bar ta. Shi ya sa a Sabiya, in an ambaci Tekelija, Sava ne mutane suka fi tunawa.