Daga dami ɗaya cikin goma zuwa layin ƙofar Alhaji

In azumi ya matso, mun san abin da za mu gani a Yamai: mata da tsofaffi sun yi layi tun asuba a ƙofar manyan ƴan kasuwa, kowa ya tafi da jika ɗaya ko biyu. To, haka zakka take tun asali?

Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu karɓa, kuma cikinsu har da ma'aikatan tara ta. Kun ga ashe aiki ne mai tsari, ba kyautar ƙofar gida ba. Da wasu ƙabilu suka hana ta bayan wafatin Annabi (SAW) a 632, Halifa Abubakar yaƙarsu ya yi.

Nan ƙasar Hausa, zakkar hatsi aka fi sani. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa, in ya kai nisabi, wajen kilo 650, dami ɗaya cikin goma yake fitarwa. Mai ban ruwa da wahala, ɗaya cikin ashirin. Makiyayi kuwa tunkiya ɗaya cikin arba'in. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin Nijar ta yau, ya soki sarakuna a kan jangali da sauran kuɗaɗen da shari'a ba ta san su ba. Bayan jihadin 1804, hakimai da masu gari ke tara zakka. Ba duka ke isa ga talaka ba, gaskiya, wani hatsin a fada yake ƙarewa. Amma akwai rumbu, kuma an san wanda za a tambaya.

Da Faransawa suka zo sai suka aza lanho, kuɗin kai, mai shi da marar shi duk su biya, ko a shekarar yunwa irin ta 1931. Bayan ƴancin kai a 1960 ma gwamnati ba ta ɗauki tara zakka ba, ta zama tsakanin mutum da Ubangijinsa.

Nan ne muke ganin an yi rashi. Ɗan kasuwar Katako ko Wadata mai miliyan 20 da suka shekara, zakkarsa sefa 500.000 ce. In ya raba wa mutum 500, cefanen yini guda ne. In ya ba mutum biyar, kowa ya samu 100.000, kuɗin keken ɗinki ko jarin tuyar ƙosai, kuma malaman Malikiyya sun yarda a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara.