Yadda Ragar Lissafi Ta Koyi Bin Ruwa

Tun ƙarni na 19 masana ke riƙe da lissafin da ke bayyana tafiyar ruwa da iska. Navier na Faransa ya aza harsashinsa a 1822, Stokes na Jami'ar Kambirij ya ƙarasa shi a 1845. Amma samun lissafi daban, warware shi daban. Ruwa mai tumbatsa da iska mai juyi ba sa zama yadda suke ko na daƙiƙa ɗaya, alƙalami kuwa ba ya iya cim musu. Abin da ya rage shi ne a yanyanka fili zuwa ƙananan gidaje kamar idanun ragar masunci, a lissafa gudu da matsi a kowane gida, a matsa gaba da ɗan lokaci, a sake.

Lewis Fry Richardson na Ingila ya gwada haka da hannu, yana neman hasashen yanayi na awa shida. Amsar ta kauce ƙwarai: ta nuna matsin iska zai sauya da milibar 145, abin da bai faru ba. Duk da haka ya wallafa aikin a 1922, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayi gudu. Wannan gaskiyar tasa ta cancanci yabo.

A 1928 Courant da Friedrichs da Lewy, a Gottingen ta Jamus, suka fito da sharaɗin da har yau ake aiki da shi: a taki ɗaya na lokaci, kada motsi ya tsallake gida fiye da ɗaya. Nan tsadar take. In ka raba faɗin gida biyu a tsawo da faɗi da zurfi, gidaje sun ninka sau 8, takun lokaci ya ninka sau 2, aiki ya zama sau 16. Alhali abin da ake bi, kamar bangon matsin da fashewar bam ke turawa, siriri ne ƙwarai. Von Neumann da Richtmyer a 1950, da Godunov na Rasha a 1959, sun samo hanyoyin kama irin wannan bango, amma kwamfuta ta ci gaba da ɓarnatar da ƙarfinta a wuraren da ruwa ke kwance lafiya lau.

Marsha Berger ce ta kawo mafita a kundin digirinta na uku a Jami'ar Stanford a 1982, ta kuma wallafa shi tare da malaminta Joseph Oliger a 1984. A fara da raga mai manyan idanu. Kwamfuta ta auna inda kuskure ya yi yawa, ta sa wa gidajen alama, ta tattara su cikin akwatuna, ta shimfiɗa musu raga mai ƙananan idanu a kai. In ƙaramar ta fi babbar laushi sau huɗu, sai ta yi taki huɗu kafin babbar ta yi ɗaya. Da bangon matsin ya wuce, a naɗe ƙaramar a shimfiɗa ta a gaba. Ke nan kowane wuri da agogonsa, kuma a ganina nan ne hikimar aikin take.

Da sauran rina a kaba. A bakin iyakar ragar biyu, abin da ƙaramar ta ce ya fita ba ya daidai da abin da babbar ta ce ya shigo, sai ruwa ya riƙa ɓacewa ko ƙaruwa cikin lissafi. Berger da Phillip Colella suka toshe wannan kafa a 1989: ana adana adadin abin da ya ƙetare iyaka, sannan a gyara lissafin babbar da na ƙaramar.

Daga nan dabarar ta bazu har zuwa nazarin fashewar taurari. Manhajar GeoClaw, wadda Randall LeVeque da David George suka fara a Jami'ar Washington, Berger kuma ta sa hannu a ciki, tana bin igiyar tsunami da gidaje masu faɗin kilomitoci a tsakiyar teku, ta sauko zuwa 'yan mitoci a bakin gaɓa. An gwada ta da ma'aunan tsunamin Japan na 11 ga Maris 2011, ana kuma amfani da ita wajen zana taswirar inda ruwa zai iya kaiwa a garuruwan gaɓar jihar Washington.